Daga *facere* zuwa *hacer*: ina *f* ta tafi, kuma su wane ne danginsa?

Tambaya: Malam, ina koyon Sifaniyanci, amma aikatau ɗin nan *hacer* ya hana ni sakat. Yau *hago*, gobe *hice*, jibi *haré*, ga kuma *hecho*. An ce mini daga kalmar Latin *facere* ya fito. To ina *f* ɗin ta shiga? Kuma da gaske ne *factura*, *perfecto* da *hacienda* duk danginsa ne?

Amsa: Gaskiya aka faɗa maka, ɗan'uwa, kuma duka ukun da ka ambata danginsa ne na jini. Abin da zai warware maka kan zaren shi ne ka san cewa *facere* ya shigo Sifaniyanci ta ƙofa biyu. Ƙofa ta farko bakin jama'a ce: tun daga shekarar 218 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), lokacin da sojojin Rum suka sauka a Ampurias, a gaɓar arewa maso gabashin Sifaniya, uwa take faɗa wa ɗanta kalmar, shi ma ya faɗa wa nasa, sauti yana goguwa a hankali. Ƙofa ta biyu littafi ce: limaman coci, alƙalai, likitoci da marubuta sun riƙa komawa rubutun Latin suna ɗauko kalma yadda take, su ɗan gyara mata ƙeya kawai. Wadda ta biyo ta baki ta rasa *f*, wadda ta biyo ta littafi ta riƙe abarta.

A Latin, siffofi huɗu ake haddacewa ga kowane aikatau. Na wannan su ne *facio, facere, feci, factum*, wato "ina yi, yi, na yi, abin da aka yi". Ka riƙe su da kyau, domin *hago, hacer, hice, hecho* su ne waɗannan huɗun bayan shekara dubu biyu. Ka kuma tuna cewa Rumawan zamanin Cicero, shahararren marubucin Latin, *k* suke furta harafin *c* a ko'ina, saboda haka "fakere" suke cewa, da nauyin murya a gaɓar farko.

Batun *f* shi ne ya fi kowanne daɗi, kuma Bahaushe ya fi Bature saurin gane shi. Mu *f* ɗinmu da leɓɓa biyu muke yin ta, ba ma ɗora haƙori a kan leɓe, shi ya sa take zamewa *h* cikin sauƙi: Bakano ya ce *tafi*, Basakkwace ya ce *tahi*, wannan ya ce *fari*, wancan ya ce *hwari*, ga *fuska* da *huska*. Masana da yawa suna ganin irin wannan *f* ta leɓɓa ce aka riƙa yi a tsaunukan Kantabiriya da yankin Burgos, inda karin Kastil, wanda shi ne ya zama Sifaniyancin yau, ya taso, har ta sassauta ta koma *h* a gaban wasali. Haka *farina* ta zama *harina* (garin fulawa), *filium* ya zama *hijo* (ɗa), *ferrum* ya zama *hierro* (ƙarfe), *fumum* ya zama *humo* (hayaƙi), *fabulari* ya zama *hablar* (yin magana). Sauran 'yan'uwan ba su bi ba: harshen Fotugal *fazer* yake cewa, Faransanci *faire*, Italiyanci *fare*, Katalan *fer*.

Me ya sa Kastil kaɗai? Masanin harshe Ramón Menéndez Pidal, a binciken da ya fitar a 1926, ya ɗora alhakin a kan maƙwabtaka da harshen Basque na arewacin Sifaniya, wanda a da ba shi da *f* a farkon kalma. Hujjarsa mai ƙarfi ita ce karin Gaskon da ke ɗaya gefen tsaunukan Pirenis, a kudu maso yammacin Faransa, shi ma maƙwabcin Basque, shi ma ya mai da *f* zuwa *h*. Masu ja da shi suna cewa karin Nabara yana manne da Basque amma ya riƙe *f*, sannan an samu irin wannan canji a wasu garuruwan Kalabiriya a kudancin Italiya, inda babu Basque ko ɗaya. A ganina maƙwabtakar ta taimaka, amma ba sai da ita ba. Hausa ma ta yi nata ba tare da wani ya koya mata ba.

Canjin yana da iyaka. Idan *r* ce ta biyo baya, ko tagwan wasalin *ue*, *f* tana nan daram: *frío, frente, fuego, fuente, fuerte*. Shi ya sa *hogar* (murhu, gida) da *fuego* (wuta) tushensu ɗaya, *focus*, amma ɗaya da *h* ɗaya da *f*.

Wani abu da ke ruɗa masu karanta tsofaffin takardu: marubutan Kastil sun ɗauki ɗaruruwan shekaru suna rubuta *fazer, fijo, fablar* alhali da yawan mutane *h* suke furtawa. Shaidar hakan kalma ce da kai ma ka san ta. *Hatta* ta Larabci, wadda muka ara, su ma sun are ta, ita ce *hasta* ta yau. A tsofaffin rubuce-rubuce *fasta* ko *fata* za ka gan ta, ga shi kuwa ba ta taɓa samun *f* a Larabci ba. Ke nan harafin *f* ya zame musu hanyar rubuta sautin *h*. Zuwa 1492, da Antonio de Nebrija ya buga nahawun Kastil a Salamanca, *h* ta fito fili a rubutu, kuma ya bayyana ta a matsayin sauti da ake ji a maƙogwaro. Misalan da ya kawo ma *hago* da *hecho* ne. Zuwa ƙarni na 16 sautin ya riga ya mutu a arewa, furucin arewa kuma ya mamaye fada bayan an mai da Madrid babban birni a 1561. Harafin ya tsaya a takarda, baki ya daina faɗarsa. Ragowar tsohon furucin tana nan a karkarar Andalus da Estremadura da wasu sassan Karibiyan, kuma daga can *jondo* (wato *hondo*, mai zurfi) da *juerga* (wato *huelga*) suka shigo da *j*. Yahudawan da aka kora daga Sifaniya a 1492 sun tafi da nasu: zuriyarsu a Salonika *fazer* suka riƙe, na Istanbul *azer*.

Sai *c* ta tsakiya. *K* da ke gaban *e* ko *i* ta matsa gaba zuwa ganɗa ta zama wani abu kamar *ts*, da yake kuma tana tsakanin wasula biyu sai ta yi ziza ta zama *dz*, wanda aka rubuta da *z*: *fazer*. A ƙarni na 16 zizar ta ɓace. Daga nan hanya ta rabu: tsakiya da arewacin Sifaniya suka kai harshe tsakanin haƙora, irin *tha* ta Larabci, sassan Andalus da Latin Amurka suka tsaya a *s*. Rubuta ta da *c* kuwa aikin hukumar harshe ce, Real Academia Española, wadda aka kafa a 1713; ita ta tsayar da cewa a gaban *e* da *i* a sa *c*, a sauran wurare a sa *z*. Wannan kaɗai ne dalilin *hice* da *c* amma *hizo* da *z*. Sauti ɗaya ne. Da an rubuta *hico* da "iko" za a karanta.

Yanzu siffofin da suka dame ka, ɗaya bayan ɗaya.

*Hago* bai bi ƙa'ida ba, kwaikwayo ya yi. Da *facio* ya bi hanyarsa, da wani abu kamar *hazo* aka samu, yadda harshen Fotugal ya samu *faço*, Italiyanci *faccio*. Amma a Kastil *i* ɗin ta faɗi, ya zama kamar *faco*, bisa ga dukkan alamu don ya yi kama da abokin tafiyarsa *dico* (ina cewa). *K* tsakanin wasula tana zama *g*, kamar *amicum* da ya zama *amigo*, sai aka samu *digo* da *fago*. Daga wannan tushe ne *haga, hagas, hagamos* suka fito.

*Hice* daga *feci* yake. Dogon wasalin *i* na ƙarshe ya jawo *e* ta farko sama ta zama *i*, aka samu *fize* ko *fiz*. Irin abin da ya faru da *veni* har ya zama *vine*. Shi kuwa *fecit* (ya yi) ba shi da dogon *i*, saboda haka *fezo* aka fara samu, da *o* ɗin da aka aro daga sauran aikatau masu ƙarewa da *o* a wannan gurbi. Daga baya *i* ta *fiz* ta yaɗu ko'ina: *hiciste, hizo, hicimos, hicieron*. Ka lura nauyin murya a kan tushe yake, *híce, hízo*, don haka ba a sa musu alamar nauyi a ƙarshe. Masu koyo suna yawan rubuta *hizó* saboda sun saba da *habló*, kuskure ne.

*Haré* ya fi su tarihi. Siffar lokaci mai zuwa ta Latin ta mutu gaba ɗaya, jama'a suka ƙirƙiro sabuwa ta hanyar haɗa aikatau da *habeo* (ina da): *cantare habeo*, "ina da rerawa a gabana", ya dunƙule ya zama *cantaré*. To a tsohon Kastil, ban da *fazer* akwai gajerun siffofi biyu, *far* da *fer*. *Far* da *he* su suka ba da *faré*, yau *haré*. *Far* da *ía* suka ba da *haría*. A tsofaffin waƙoƙi har raba su ake yi a cusa wakilin suna a tsakiya: *fer lo he*, "zan yi shi". Saboda haka babu *haceré*, ko da yake yaran Sifaniya kan faɗe ta kafin a gyara musu.

*Hecho* shi ne mabuɗin rabin dangin. *Factum* ya bi matakai huɗu: *k* da ke gaban *t* ta narke ta zama *y*, aka samu *faito*, *ai* ta zama *ei*, *feito*, *y* ɗin ta ganɗanta *t* ta zama sautin da muke rubutawa *c*, su kuma *ch*, aka samu *fecho*, sai *f* ta tafi. Ganɗantawar ba baƙuwa ba ce a kunnenka, ita ce ta *sata* da *sace*. Harshen Fotugal ya tsaya a mataki na biyu, *feito*, Italiyanci ya bi wata hanyar, *fatto*. Ƙa'idar tana aiki a yawancin kalmomin gado, wato waɗanda suka biyo ta baki: *lactem* ya ba da *leche*, *noctem* ya ba da *noche*, *octo* ya ba da *ocho*, *pectus* ya ba da *pecho*, *dictum* ya ba da *dicho*. Duk inda ka ga *ct* a tsaye a Sifaniyanci, ka san ta littafi kalmar ta shigo.

Da wannan za ka iya jera tagwayen da kanka. *Factura* ta Latin, "yadda aka ƙera abu", ta baki ta zama *hechura* (ƙira, ɗinkin riga), ta littafi ta zama *factura*, takardar kuɗin kaya. *Factor* ya tsaya *factor*, amma a baki ya zama *hechor*, wanda aka fi gani a *malhechor* (mai aikata laifi) da *bienhechor*, tagwan *benefactor*. *Profectus*, ci gaba, ya ba da *provecho*, amfani, wanda za a ce maka a kan abinci, *buen provecho*, da aikatau *aprovechar*. *Affectare* ma kashi uku ya rabu: *afectar* ta littafi, *ahechar* (tankaɗe hatsi) ta bakin Kastil, da *afeitar* (aski) wadda aka aro daga maƙwabtan kare-karen da suka tsaya a matakin *ei*; ma'anarta ta farko gyara jiki da kwalliya ce.

*Fecha*, kwanan wata, tsohuwar siffar mace ce ta *fecho* da ta daskare. Magatakarda kan rufe takarda da *fecha en Toledo*, sai rana da wata, wato "an yi ta a Toledo". Da yake kalmar ta zauna a ofis da kotu, *f* ɗinta ba ta goge ba, har ta zama sunan kwanan watan kansa. *Fechoría*, ɗanyen aiki, ita ma tsohon rubutu ta riƙe.

*Hacienda* daga *facienda* take, "abubuwan da ya wajaba a yi". Daga ayyuka ta koma harkoki, daga harkoki ta koma dukiya, daga nan ta rabu biyu: babbar gona a Meziko da ƙasashen Andes, da baitulmali a Sifaniya, inda *Ministerio de Hacienda* yake nufin ma'aikatar kuɗi da haraji. *Fazenda* ta Barazil ita ce dai. *Faena*, aikin yini, *facienda* ce da ta biyo ta Katalan.

Akwai ɗaya da ta zagayo ta gaɓar tekun Afirka ta Yamma. *Facticius* na nufin abin da hannu ya ƙera. A Sifaniyanci ya zama *hechizo*, sihiri ko sammu, da *hechicero*, boka. A harshen Fotugal ya zama *feitiço*, kuma da wannan suna 'yan Fotugal da suka gina ganuwar Elmina, a Ghana ta yau, a 1482 suka riƙa kiran layu da gumakan mutanen gaɓar. Faransawa suka karɓa suka ce *fétiche*, marubucinsu Charles de Brosses ya yaɗa ta a 1760, daga baya Sifaniyanci ya are ta a matsayin *fetiche*, alhali yana da *hechizo* a gida.

Shi kuwa *perfecto*, me ya sa babu *a* a cikinsa? Wannan tun a Latin ya faru. Idan aka yi wa *facio* ɗafa-goshi, gajeren *a* yakan raunana: ya zama *i* a buɗaɗɗiyar gaɓa, ya zama *e* a rufaffiya. *Per* da *facio* suka ba da *perficio*, *per* da *factus* suka ba da *perfectus*, "an yi shi har ƙarshe". Saboda haka tushe uku za ka nema, *fac-, fic-, fec-*. Na *fec-* su ne *efecto, defecto, afecto, prefecto, infección, confección*. Na *fic-* su ne *eficaz, suficiente, beneficio, sacrificio, edificio, artífice*, da *oficio* da *oficina*, waɗanda suka fito daga *opus*, aiki, haɗe da *facere*. *Ofis* ɗin da muka aro daga Ingilishi ma nan ya samo asali. *Fácil*, "mai yiwuwa", yana da *a* don ba shi da ɗafa-goshi, *difícil* yana da *i* don yana da shi. *Déficit* jimla ce sukutum ta Latin, "ya gaza", kamar yadda *facsímil* umarni ne, *fac simile*, "yi irinsa".

Reshen da masu koyo ba sa taɓa zato shi ne na *-iguar*. Latin yana ƙera aikatau da ɗafa-ƙeyar *-ificare*, "mai da abu kaza". Ta littafi *-ificar* ce. Ta baki kuwa *f* tsakanin wasula ta zama *v*, *k* ta zama *g*, wasalin tsakiya ya faɗi, *v* ta narke ta zama *u*, sannan *u* da *g* suka yi musayar wuri: *-ivigar, -ivgar, -iugar, -iguar*. Sai ga *verificar* da *averiguar* (bincika), *pacificar* da *apaciguar* (kwantar da tarzoma), *testificar* da *atestiguar* (ba da shaida), *mortificar* da *amortiguar* (rage ƙarfin bugu, *amortiguador* shi ne shokazoba na mota), *santificar* da *santiguar* (yin alamar gicciye). Babu *f*, babu *h*, babu *c*, amma *facere* ne.

Wurin da wannan ilimi zai hana ka kuskure a aikace shi ne *satisfacer*, daga *satis*, "isasshe". Ya riƙe *f*, amma ana sarrafa shi daidai da *hacer*. Ka sarrafa *hacer*, ka cire *h* ka sa *satisf-*: *satisfago, satisfice, satisfizo, satisfaré, satisfaría, satisfecho*. *Satisfací* da *satisfacerá* kuskure ne da hatta 'yan ƙasa suke yi. *Deshacer* da *rehacer* su ma haka, sai dai *rehíce* da *rehízo* suna ɗaukar alamar nauyi, domin *h* ba ta da sauti, idan babu alamar za a haɗe *e* da *i* a gaɓa ɗaya.

Sannan ka kiyayi masu kama da dangi. *Fábrica* daga *faber*, maƙeri, take, kuma tagwanta na baki *fragua* ce, maƙera. *Ficticio* da *ficción* daga *fingere* suke, wanda ya ba da *fingir*. *Cosecha*, girbi, daga *collecta* take, dangin *coger*. *Echo* marar *h* na *echar* ne, jefawa, daga *iactare*. Furucinsa ɗaya da *hecho*, shi ya sa *te hecho de menos* ya cika saƙonnin waya, daidai kuwa *te echo de menos*, "ina kewarka". *Haz* kalmomi uku ne a riga ɗaya: umarnin *hacer*, "yi", dami, daga *fascis*, da fuskar ganye ko yadi, daga *facies*.

*Hazaña*, bajinta, ita ce mai gardama. Da ka ga tsohuwar siffarta *fazaña* za ka rantse daga *fazer* take. Ƙamusun Academia ya mai da ita ga Larabcin Andalus, *hasana*, kyakkyawan aiki, wadda ka sani a sunayen Hasan da Hasana, ya ce *fazer* tasiri kawai ya yi mata a siffa. Wasu masana suna nan a kan cewa Latin ce tsantsa. Idan ka tuna yadda *hatta* ta koma *fasta* a alƙalamin marubutan wancan zamani, za ka ga *f* ɗin *fazaña* ita kaɗai ba za ta raba gardamar ba.